Yadda Ake Shirya Wa Ɗan Kunkuru Wurin Zama A Cikin Ɗaki

Ɗan kunkurun da na fara riƙewa bai cika wata huɗu a hannuna ba. A bakin kasuwa na saye shi, girmansa bai wuce murfin kwalbar man shafawa ba, mai sayarwar kuma ya ce mini, "Malam, wannan ba shi da wahala, ko ruwa ba ya sha. Zuba masa yashi a kwali, ka riƙa jefa masa latas." Haka na yi. Da hunturu ya kankama sai idanunsa suka faɗa, ba ya buɗe su sai da ƙyar, ƙoƙon cikinsa ya yi laushi har in na danna da yatsa sai ya lotsa. Wata safiya na tarar da shi a kusurwar kwalin ba rai. Har yau abin yana cina, domin ba wata cuta ce ta zo masa daga waje ba. Wurin da na ajiye shi ne ya kashe shi.

Kafin ka kira kafinta, ka tabbatar da irin wanda ke hannunka. Bayanin nan na kunkurun Sahel ne, mai launin rairayi, mai manyan ɓawo a ƙafafun gaba kamar sulke, da ƙayoyi biyu ko uku a bayan kowace cinya. Masana suna kiransa Centrochelys sulcata. Ƙasarsa ta tashi tun daga Senegal da Mauritaniya, ta bi ta Mali, Nijar, arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. In naka yana da wata gaɓa a bayan ƙoƙo da yake rufe ƙafafun baya da ita, wani iri ne daban, abincinsa ma daban. In kuwa ƙoƙonsa shimfiɗaɗɗe ne, ƙafafunsa masu fata tsakanin yatsu, to kififiya ce, ita ruwa take so. Kunkurun Sahel bai iya iyo ba, in ka jefa shi a baho nutsewa zai yi.

Sai kuma ka san girman alkawarin da kake shirin ɗauka. Wannan ɗan abin mai tsawon santimita 4 zuwa 5 in ya girma shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Namiji yakan wuce kilo 50, kuma yakan rayu fiye da shekara 50. A daji yana ƙarewa saboda kiwo da noma sun ci wurin zamansa, ga masu kama shi suna sayarwa, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ɓacewa a 2021. Don haka ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gidan mai kiwo, kada kuɗinka ya tura wani yaro tonon ramin daji. In ka san ba ka da filin da zai koma nan da 'yan shekaru, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ba a kan rairayi yake zaune ba

A nan ne kusan kowa yake kuskure. Mun ji an ce dabbar bakin hamada ce, sai mu ɗauka bushewa take so. Amma kunkurun Sahel ramuka yake haƙawa, wani ramin mitoci da dama, kuma can ciki yake yin yawancin rayuwarsa, inda akwai laima, babu ƙunar rana, babu sanyin dare. 'Ya'yansa kuwa gab da damina suke fitowa daga ƙwai, lokacin da ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta yi tsiro, iska ta yi nauyi. Jariri mai nauyin giram 30 ba shi da jikin da zai adana ruwa. Ɗakinka na siminti a watan Janairu ya fi masa hamada muni, tunda a hamadar yana da rami.

To aikin da za ka yi ke nan: ka gina masa damina da rami a cikin akwati. Ɗumi, danshi, da hasken rana. Duk matakan da ke tafe hidimar waɗannan ukun suke yi.

Akwatin

Ka sa kafinta ya haɗa maka akwatin katako mai tsawon santimita 120, faɗin 60, tsayin bango 40. In da hali ka ƙara, ba a taɓa cewa wuri ya yi wa kunkuru yawa ba. Bangon ya zama wanda ba a hango waje ta cikinsa, saboda in gilashi ne zai wuni yana tura hanci yana neman wucewa. A kowace kusurwa ta sama a buga ɗan katako a kwance, don gwanin hawa ne ta kusurwa, kuma in ya faɗo ta baya a ƙarƙashin fitilar da za ka rataya masa don ɗumi ba kowa a kusa, zafi zai iya kashe shi. Ka shimfiɗa leda mai kauri ko tamfol a ciki, ta hau bango kamar taƙi ɗaya, don kada danshi ya ruɓar da katakon. In an shafa fenti, a bar shi a waje sai warin ya fita sarai.

Wanda ba shi da kuɗin kafinta, babban bahon roba mai faɗi zai riƙe shi watannin farko. Kwali dai a'a.

Murfi kashi biyu za a yi masa. Kashi biyu cikin uku na saman a rufe da katako ko leda mai kauri don ya tsare ɗumi da laima, ragowar, wajen fitila, a sa ragar waya. Ragar ba ado ba ce. Ɓera da gafiya suna cin ƙafafun ɗan kunkuru da dare yana raye, kyanwa kuma tana wasa da shi har ta illata shi.

Akwatin ya hau tebur ko benci, kada ya zauna a kan siminti ko tayil, sanyin ƙasa yana ratsa katako. Ka nisanta shi daga bakin taga, daga saitin fanka da na'urar sanyaya ɗaki, daga kicin. Ɗakin da ake kunna maganin sauro ko turaren wuta, ko ake fesa maganin ƙwari, ba ɗakinsa ba ne. In gidan akwai cinnaka ko tururuwa, ka sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa.

Ƙasar da za ka zuba

Ka samo ƙasar gona mai laushi daga inda ka tabbata ba a zuba takin zamani ko maganin ciyawa ba. Ka tankaɗe ta, ka fitar da tsakuwa, gilashi da guntayen leda, ka baza ta a rana kwana biyu ko uku. In kana samun niƙaƙƙen ɓawon kwakwa da masu lambun furanni ke sayarwa, ka gauraya rabi da rabi, yana riƙe ruwa sosai. Zurfinta ya kai santimita 10, don ya iya binne kansa. Ka yayyafa ruwa kana cuɗawa har ta kai yadda in ka dunƙula a hannu za ta tsaya dunƙule ɗaya amma ruwa ba zai ɗiga ba. Sannan ka danna ta da tafin hannu ta yi ƙarfi, ƙafafunsa su sami abin takawa.

Yashi zalla kada ka yi amfani da shi. Yana manne wa ganye, kunkuru ya haɗiye, ya toshe masa hanji, ga shi yana shiga ido. Garin katako na wajen kafintoci ma haka, ga ƙura, ga shi ba ka san irin itacen ko maganin da aka sa masa ba. Takarda da tabarma santsi gare su, kuma a bushe suke.

Ramin, wanda shi ne zuciyar aikin

Ka nemi ƙaramar robar wanke-wanke mai duhun launi, ko tukunyar ƙasa da ta rabe biyu. In roba ce, ka kife ta, ka yanka ƙofa daidai yadda zai shiga ba tare da ya goge ƙoƙo ba, ka ƙona bakin yankan kaɗan don kaifin ya mutu. In tukunya ce, ka goge bakin da dutse. Ka nutsa ta cikin ƙasa kamar yatsa biyu, a tsakiyar akwati ko kusa da ɓangaren ɗumi, wato wajen da fitila take, amma ba ƙarƙashinta ba. Ƙasar cikinta ta fi ta ko'ina danshi. In kana da ma'aunin laima, cikin ramin ya riƙa nuna kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. In babu, ka sa yatsa kullum: ka ji sanyin jiƙa, ba caɓi ba.

Ga dalilin nacewa a kan wannan. Ka taɓa ganin kunkurun gida da ƙoƙonsa ya yi tudu-tudu, kowane gida na ƙoƙon ya tashi kamar ɗan dala? Mutane suna ɗauka halittarsa ce, wasu ma kyau suke gani. Na daji ƙoƙonsa sumul yake ko kusa da haka. Wani bincike da aka yi a Vienna ta ƙasar Ostiriya, aka wallafa a 2003, a kan 'ya'yan wannan irin kunkuru, ya nuna waɗanda aka raina a busasshiyar iska su ne ƙoƙonsu ya fi yin tudun. Kuma abin da ya tashi ba ya komawa. Shekara biyun farko su ne suke yanke siffar da zai ɗauka har tsufa.

A ɗaya ƙarshen akwatin, ɓangaren sanyi, ka ƙara wata maɓoya busasshiya, don ya zaɓa da kansa.

Zafi

Kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa, daga waje yake aro. In jikinsa bai ɗumama ba, abinci ba ya narkewa. Don haka ƙarshe ɗaya na akwatin ya zama wurin shan ɗumi, ɗayan wurin hutawa. Ka rataya ƙwan fitila mai zafi, irin na da mai zare a ciki ko halojin, wat 50 zuwa 75, a saman ragar waya. Fararen ƙwayayen nan masu tsimin wuta haske kawai suke bayarwa, ba su da amfani a nan. Mariƙin ƙwan ya zama na tangaran, na roba narkewa yake yi, kuma a ɗaure shi da waya yadda ba zai faɗo ba. Ƙarƙashinsa ka ajiye faffaɗan dutse.

Abin da kake nema, a ma'aunin Selsiyus: digiri 35 zuwa 38 a kan dutsen, 27 zuwa 30 a sauran akwatin, da dare kuma kada ya sauka ƙasa da 25 zuwa 26. Ka auna a daidai tsayin bayan kunkurun, ba a jikin bango can sama ba. In zafi ya yi yawa ka ɗaga fitilar, in ya gaza ka sauke ta. Hannunka ba ma'auni ba ne, ka sayi ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya kowane ƙarshe. Fitila ta yi awa 12 a kunne, da dare a kashe, yana buƙatar duhu.

Wata ƙa'ida da ba a karya ta: danshi da ɗumi lafiya ne, danshi da sanyi ciwon huhu ne. A Kano, Zariya ko Damagaram, daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, Jos kuwa ba a magana. A irin wannan lokaci kana buƙatar ƙwan zafi na tangaran, wanda ke ba da ɗumi ba haske, haɗe da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai inda ka saita.

To in an ɗauke wuta fa? Wannan tambaya ce da dole ka amsa tun kafin hunturu. Mai sola ya huta. Wanda ba shi da ita, ya cika jarka ko kwalaben roba biyu da ruwan zafi, ya naɗe su da tawul yadda ba za su ƙona fata ba, ya jingina su jikin ramin, ya lulluɓe akwatin da bargo ya bar 'yar kafar iska. Wajen asuba a sake ruwan. Kaskon gawayi kada ya shiga ɗakin, hayaƙinsa yana kashe mutum ma balle shi. A bazara kuma matsalar juyawa take yi: ɗaki mai rufin kwano a Afrilu yana iya wuce digiri 38 shi kaɗai. Ranar nan ka kashe fitila, ka buɗe murfi, ka ƙara yayyafi.

Rana

Fitilar zafi ba ta maye gurbin rana. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, ana kiransa UVB, da shi fatar kunkuru ke haɗa bitamin D3, da bitamin ɗin kuma jiki ke ɗaukar kalsiyam ya gina ƙashi da ƙoƙo. Rashinsa ne ya sa ƙoƙon nawa na farko ya yi laushi. Gilashin taga yana tare wannan haske, don haka ajiye akwati inda rana ke shigowa ta gilashi zafi kawai zai ba shi.

Masu kiwonsa a Turai da Amurka dogayen fitilun UVB suke saye, kuma sai sun sauya su duk wata 6 zuwa 12, domin ƙarfinsu yana ƙarewa ko da suna ci gaba da haske. In ka samu irinta, ka rataya ta kusa da fitilar zafi, a nisan da aka rubuta a kwalinta, ba gilashi ko leda a tsakani. Mu kuwa Allah Ya hore mana abin da suke saye. Ka fitar da shi tsakar gida da hantsi, minti 30 zuwa awa ɗaya, sau uku ko huɗu a mako, a cikin faffaɗan baho mai ƙasa, rabinsa a inuwa, an rufe da raga. Ka zauna kusa. Shirwa da hankaka ba sa sanarwa, kaji suna tsattsage ido, rana kuma tana tafiya, inuwar da ka bari yanzu ba ita ce bayan minti 20 ba. Ɗan kunkuru a roba cikin ranar azahar ba ya daɗewa.

Ruwa

Ka binne ƙaramin kasko marar zurfi, bakinsa daidai da ƙasa, yadda zai shiga ya fita da kansa. Ruwan kada ya wuce haɓarsa. A sauya kullum.

Bayan wannan akwai jiƙo, wanda ni a wurina ya fi kowane aiki muhimmanci a shekarar farko. Kowace safiya ka zuba ruwa mai ɗumi, kamar na wankan jariri, a 'yar roba, ya kai daidai inda ƙoƙon ciki ya haɗu da na baya. Ka sa shi minti 15 zuwa 20. Da farko zai tsaya cik. Can sai ya miƙo wuya, ya nutsa baki da hanci cikin ruwa, ka ga maƙogwaronsa yana motsi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har ya kusa minti bai ɗago ba. Ranar da na fara ganin haka a wurin kunkuruna na biyu, maganar mai sayarwar nan ce ta faɗo mini, wai ko ruwa ba ya sha. Yawanci a cikin ruwan zai yi kashi, ya fitar da wani farin abu. Ka duba farin nan da kyau. In ya yi kamar kindirmo, lafiya lau. In ya yi gari-gari kamar alli ko tsakuwa, ruwa bai ishe shi ba, ka ƙara jiƙo da yayyafi. In ruwan ya huce kafin lokaci ka sake, kuma kada ka bar shi shi kaɗai.

Abinci a taƙaice

Ka ajiye guntun tayil mai kaushi a ɓangaren sanyi, a kai za ka riƙa zuba abinci, yana hana haɗiyar ƙasa, yana kuma goge masa baki. Maciyin ciyawa ne: ɗanyar kiri-kiri da harkiya masu taushi, a yayyanka ƙanana, a gauraya da ganyen rama, ganyen kabewa, ɗan zogale. Yakuwa da alayyafo jefi-jefi. Latas ruwa ne kawai, ba ya gina jiki. Tuwo, shinkafa, burodi, nama, wake da kayan zaƙi irin su mangwaro da ayaba ba nasa ba ne ko da ya ci da marmari. Tumfafiya, zaƙami da cini-da-zugu guba ne. Sau biyu ko uku a mako ka barbaɗa ɗan garin ɓawon ƙwai da aka dafa, aka busar, aka daka lukui. Ciyawar bakin titi da ta gonar da aka yi wa feshi a bar ta.

Kafin ya shiga, da bayan ya shiga

Kada ka sa shi ranar da ka gama haɗawa. Ka kunna komai kwana biyu ba kowa a ciki, kana rubuta abin da ma'auni ya nuna da asuba, da azahar, da tsakar dare. Awon asuba shi ne mai faɗin gaskiya. Sai lambobin sun zauna sannan ka jiƙa shi, ka ajiye shi a bakin ramin, ka ƙyale shi. Zai iya yin kwana biyu ko uku yana ɓuya bai ci kirki ba. Yara za su so ɗauka, ka hana su a makon farko, daga baya ma a zaune a ƙasa, da hannu biyu. Kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, wadda ke kama mutum, ko da lafiyarsa ƙalau, saboda haka ne ma Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba tun 1975. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, 'yan ƙasa da shekara 5 su kalla daga nesa, robar jiƙonsa kuma kada ta haɗu da kwanukan abinci.

Shi kaɗai za ka ajiye. Ba ya kaɗaici, kuma in biyu ne a akwati ɗaya, ɗaya zai danne ɗayan a wurin ci da wurin ɗumi har ka ga ɗaya yana girma ɗaya yana tsumburewa. Sannan don Allah kada a huda gefen ƙoƙonsa a ɗaura igiya kamar yadda ake yi a wasu gidaje, kada kuma a shafa masa fenti ko mai. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a jikin ƙoƙon suke manne. Duk mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ka sa a akwati, haƙƙinsa yana wuyanka.

Kullum ka kwashe kashi da ragowar ganye, ka yayyafa ruwa, a hunturu sau biyu. Duk wata biyu ko uku ka sauya ƙasar. Duk mako, rana ɗaya tsayayya, ka ɗora shi a ƙaramin sikelin kicin ka rubuta nauyinsa. Mai lafiya yana ƙaruwa a hankali, kuma za ka ga fararen layuka tsakanin gidajen ƙoƙonsa, sabon girma ke nan. In nauyi ya tsaya makonni ko ya ragu, ko ka ga kumfa a hanci, numfashi da baki buɗe, ido a rufe da rana, ƙoƙo yana ƙara laushi maimakon tauri, ka duba ma'aunin zafi nan take, ka kai shi wurin likitan dabbobi, kada ka ba shi maganin mutane ko na kaji.

Akwatin nan na shekara ɗaya ne zuwa biyu. Da tsawonsa ya kai santimita 15 zuwa 20, ka fara barinsa wuni a wani killataccen wuri a tsakar gida mai inuwa da ciyawa, kana dawo da shi ɗaki da dare, musamman a hunturu. Killacen ya zama na bulo, a nutsa tushensa cikin ƙasa aƙalla santimita 30, kuma a ja shi nesa da katangar ƙasa da gindin ɗaki, domin nan ne zai fara haƙa.